Ta Gidan Rabin Kwabo

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023

Na gaji. Da wannan zan fara, don shi ne gaskiya.

Baba ya ƙi cin taliyar da na dafa masa, wai ta yi ruwa. Jiya kuma wai ta yi tauri. Mutumin da haƙoransa ke kwana cikin kofi shi ne mai kushe girki. Na sauka sayo burodi, liftar gidan nan ta sake lalacewa, na hawo bene har hawa na huɗu ina haki kamar wadda kare ya koro. Ban ko ajiye jaka ba ya jefo tambayarsa ta kullum: "Liboria, wa ya mutu?"

Aikina ke nan kowace safiya. In tsaya a bangon coci in karanta takardun rasuwa da aka manna, in kawo masa rahoto. Duk rayuwarsa sassaƙa sunayen mutanen garin nan ya yi a duwatsun kabari. Yanzu ƙafa ta ƙi, ido ya ƙi, amma kunne na nan garau.

Na ce Salvatore Ferraro. Ya ce wanne daga ciki? Da gaskiyarsa, tunda kowane ɗan fari sunan kakansa ake sa masa, masu suna ɗaya sun cika gari. Na ce a ƙarƙashin sunan an rubuta "wanda aka sani da Kunnen Jaki". Nan take ya yi alamar gicciye.

"Allah sarki, Kunnen Jaki! Ni na yi wa uwarsa dutse. Kin san Ferraro maƙeri ke nan? Kakanninsu ƙarfe suke bugu. Shi kuwa ko ƙusa bai iya kafawa ba."

Na sani, Baba. Na ji wannan tun ina da kitso biyu.

Laraba, 4 ga Oktoba

Bayana. Na ɗaga shi zan canza zanin gado, wani abu ya ce ƙas a ƙuguna.

Ƙanena Nunzio ya bugo daga Torino, wai in riƙa hutawa. To, wa zai riƙe mini Baban? Wayar?

Juma'a, 6 ga Oktoba

Yau bakinsa ya buɗe, an yi ta karatu. Ina yanke masa farce yana jero mini dangin garin nan gida-gida, kamar ba a cikinsu na tsufa ba. Su Calabrese daga ƙetaren ruwa kakansu ya zo, sunan garinsu ya bi su. Su Russo wani mai jan gashi ne ya haife su. Di Mauro, 'ya'yan wani Mauro. Su Pappalardo kakansu maci kitse ne, har yau kuma ba su daina ba. Su Vadalà, in ji shi, asalin sunan Abdallah ne, tun zamanin da Larabawa ke riƙe da tsibirin nan, bakin mutane ne ya tauna shi ya koma haka. "Ko dai sana'a, ko gari, ko uba, ko wani aibu a jiki," in ji shi. "Babu sunan da ya faɗo daga sama."

Na ce ban da namu. Namu kam daga bango ya faɗo.

Ya janye hannunsa. Na san na taɓa inda bai kamata ba, amma gajiya ba ta san ladabi ba.

Trovato. Tsintacce. Sunan da magatakarda ke liƙa wa duk jaririn da aka samu a akwatin gidan sistocin coci, wancan mai juyawa da ke jikin bango: a sa yaro daga waje, a juya, a kaɗa ƙararrawa, a gudu. Haka aka tsinci kakana, da rabin kwabo ɗaure a wuyansa da zare. Uwar ta tafi da ɗaya rabin, wai alamar da za ta dawo ta karɓi ɗanta. Har ya tsufa ya mutu ba ta dawo ba. Mu kuma gari ya sa mana Menzusordu, Rabin Kwabo. Gidan Rabin Kwabo. Ɗan Rabin Kwabo, jikar Rabin Kwabo. A makaranta yara kan ce in haɗu da Nunzio ko ma cika kwabo ɗaya mu sayi alewa.

Shekarata sittin da ɗaya, har yau ba na son jin sunan nan. Shi kuwa Baba rabin kwabon na nan a wuyansa, ko wanka zan yi masa ba ya yarda a cire.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Sabon Fada, limamin cocinmu, ya hawo ya yi wa Baba addu'a. Yaro ne, baƙo, bai san kowa ba tukuna, sai kiran Baba yake "Malam Trovato". Baba ya waiga yana neman wanda ake nufi.

Bayan ya tafi Baba ya riƙe mini hannu. Har yanzu akwai ƙarfin guduma a yatsun nan.

"In na tafi, ki sa a rubuta Rabin Kwabo a ƙarƙashin sunana. Manya-manya."

Na ce haba Baba, ana zaune ƙalau.

Ya ce ba ƙalau ake ba, kuma ni ma na sani. Ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba, duk da surutunsa. Ranar da aka kai ubansa, masu bin akwatin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Suka ratsa dandali, maza na zaune a ƙofar shagon kofi, ko hula babu wanda ya cire. Tsintacce ne, ba dangin kowa ba. Baba na saurayi a lokacin, ya ce tun daga ranar ya yi rantsuwa shi gari zai raka shi. Shi ya sa bai taɓa mayar da kowa ba: mai shi da marar shi, duk wanda ya yi rashi ya zo, sai ya koma da dutse.

"Ba na son fure, ba na son mawaƙa. Mutane nake so a bayana. Kuma ba su san wani Gaspare Trovato ba. Ki yi mini alkawari."

Na ce to. Me zan ce? Miyar na kan wuta.

Talata, 10 ga Oktoba

Na je karɓo maganin Baba. Tsohon saurayina Ignazio ne da kansa a kanta, ya yi tumbi, kansa ya zama fili. "Yaya jikin tsoho?" Na ce da sauƙi. Ya nannaɗe maganin bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Haka muke tun muna da ƙuruciya.

Ba zan sake rubuta wannan maganar ba, na sha rubuta ta. Amma dai. Ranar da ya kai ni gaida uwarsa, da rigata mai ruwan toka da na ɗinka da hannuna, matar nan ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar wane gida?" Kafin in buɗe baki ƙanwarta ta ce ta gidan Rabin Kwabo ce. Tsohuwar ta ajiye kofinta a hankali. "Ignazio, tsintacciyar mage ba ta mage." A gabana. Shi kuwa gogan naka sai kallon takalminsa yake.

Uwar ta mutu, kuma Baba ne ya sassaƙa mata dutse, har da furanni a gefe. Ban yi masa magana ba tsawon wannan makon.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Ba wanda ya mutu yau. Baba ya ji haushi kamar an hana shi jarida.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Mun yi faɗa, in dai faɗa ne da mutumin da numfashinsa ke fita da ƙyar.

Ni na tayar. Na ce Baba, don Allah, sunan nan zagi ne. Ranar da ya kamata a girmama ka, a manna zagi a kowane bango? Mutum ya yi shekara tamanin da tara yana aiki, a ƙarshe a ce darajarsa rabin kwabo?

Ya lalubo zaren ya fito da abin daga ƙirjinsa, ya ce in taɓa bakin. Na ce na sha taɓawa. Ya ce in sake. Santsi ne, a miƙe.

"Ni na san ƙarfe da dutse. Wannan ba da haƙori aka karya shi ba. Sai da ta je maƙera. Mace mai ciki, tana ɓoye kanta, ta shiga wurin maƙeri ta ce ya raba mata kwabo biyu, ya huda kowane. Kin san kunyar da ta sha? Wadda ta yi niyyar jefarwa ba ta wannan wahalar."

Na ce amma ai ba ta dawo ba.

"Ba ta samu iko ba. Wannan daban."

Na ce duk ɗaya ne a wurin yaron. Ya ce a wurinki dai. Ya juya fuska bango. Na fita baranda na kwashe shanya, raina a ɓace, ban ma san da wa nake fushi ba.

Laraba, 18 ga Oktoba

Likita ya ce a kira na nesa. Na kira na nesa, Nunzio ke nan. Na nesa ya ce aiki ya riƙe shi, zai duba jirgin ƙarshen mako. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma Baba sunansa yake kira in ya farka, ba nawa ba. Ba komai. Ni ai kujera ce, kullum ina nan.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Ya daina tambayar wa ya mutu.

Asabar, 21 ga Oktoba

Baba ya rasu da hantsi. Ina goge masa baki da auduga, ya ja numfashi ɗaya, na jira na biyun. Shi ke nan. Allah ya jiƙansa.

Ban yi kuka ba. Na buɗe taga, na rufe madubi, na kashe murhu kamar yadda ake yi.

Mai shirya jana'izar garinmu ya rufe shago tun bara, sai na garin da ke kusa na kira. Wani matashi ya zo da baƙar kwat, mai ladabi. Suka shirya Baba a falo, suka kawo kujeru suka jera a jikin bango har ƙofa. Jana'iza Litinin da yamma, don Nunzio ya samu isowa. Sai ya zauna zai rubuta abin da za a buga. Suna, shekaru, coci, lokaci. Hoto? Na ce babu na kirki. Ya ɗago kai.

"Laƙabin fa, Inna? A garuruwan nan in babu laƙabi..."

Na ce ba shi da laƙabi.

Haka na ce, Baba na kwance a bayana. Na ce a sa "Gaspare Trovato, shekara tamanin da tara, 'ya'yansa ne ke sanarwa." Tsaf, kamar na kowane mutumin kirki. Sau ɗaya dai a rayuwa a kira shi da sunan da ba dariya a ciki. Don shi na yi. Na rantse don shi na yi.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Ƙofa a buɗe tun safe. Ba wanda ya hawo.

Na ce ko lifta ce. Na ce ko suna coci, sai an tashi. Aka tashi. Na leƙa ta baranda, mutane na wucewa da kwalin kayan zaƙi na Lahadi, kowa ya nufi gidansa. Matar da ke ƙasanmu, baƙuwa ce daga wani gari, ta shigo ta tsaya jim, ta ce sannu, ta fita. Ita ke nan.

Laifinmu ne ma wani ɓangaren. Tun da Inna ta rasu muka bar tsohuwar unguwa muka dawo wannan bene na bakin gari, ga shekaru Baba bai taka ƙasa ba. Ni kuma ba mai shiga mutane ba ce, wa zan buga wa waya? Ina jin wasu ma sun ɗauka yana Torino wurin Nunzio, ko ya daɗe da mutuwa.

Gidan makoki ba a hura wuta, maƙwabta da abokan arziki ne ke kawo abinci. Ni na sha kai wa mutane, Inna ma ta kai har ƙafarta ta gaji. Yau ga ni da yunwa, ni da gawa da kujeru. Na ci guntun burodin jiya a tsaye a kicin kamar ɓarauniya.

Na kasa kallon fuskarsa. Gani nake zai buɗe ido ya ce, "Liboria, wa ya zo?"

Gobe da yamma za a ratsa dandali da shi. Ni da Nunzio da Fada. Ko ubansa ya fi shi jama'a.

Litinin, 23 ga Oktoba

An kai Baba. Hannuna duk baƙin fenti. Gobe na rubuta, yau ba zan iya ba.

Talata, 24 ga Oktoba

Bari in faɗa yadda ya faru, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Jiya da safe ina zaune, sai na ji ana hawowa bene da sanda, ƙwas, ƙwas, ana zage-zage a kowane hawa. Wani tsoho ya faɗo falon, hula a karkace, yana huci. Sai da na dube shi sosai na gane shi: Mai Alfadari. Wanda ya yi shari'a da rabin garin nan a kan iyakar gona, har da ɗan'uwan matarsa. Na manta shaf cewa sunansa na takarda Gaspare Trovato ne. Ba danginmu ba ne, nasa uban ma daga akwatin sistocin ya fito, magatakarda ɗaya ya raɗa musu. Kuma sa'an Baba ne.

"Ke ce kika kashe ni?" Haka ya fara. "Tun shekaranjiya nake matacce ban sani ba! Na shiga shagon kofi, matar mai shagon ta saki faranti ta yi ihu. Ɗan'uwan matata har ya aiko a auna gonata! Sai da na bi mai manna takardun har garinsu kafin a ce mini nan ne."

Na ce ya yi haƙuri. Bai ji ba, ya ci gaba. Wai abin da ya fi ƙona masa rai, gari duka ya karanta ya mutu, amma ko kare bai je ƙofarsa ba. Mutum biyu ne suka je, su ma don su tabbatar. Da suka gan shi a raye sai aka ce to kuskuren masu bugawa ne, aka watse.

Sai idonsa ya kai kan akwatin. Ya matsa. Ya daɗe yana kallo. Ya cire hula.

"Kai! Rabin Kwabo ne?" Muryarsa ta sauka. Ya dubi kujerun, ya dube ni. "Rabin Kwabo ne kwance a nan shi kaɗai? Ke 'yar nan, kina da hankali kuwa? Ni in na mutu ba wanda zai zo, na sani, na saya da kuɗina. Amma wannan? Lokacin da ɗana ya faɗa rijiya, ba mai gaishe ni a garin nan, mutumin nan ya ɗauko dutse a kafaɗa ya kai mini har maƙabarta. Me ya sa ba ki sa sunansa ba?"

Na ce na sa sunansa.

"Kin sa nawa dai."

Na shiga ɗakin Baba na jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Gwangwanin baƙin fentin da yake cika haruffa da shi ya bushe a sama, na huda, akwai sauran rai a ƙasa. Na ɗauki buroshi. Na ce wa Mai Alfadari ya zauna da shi kada a bar shi shi kaɗai. Ya ce, "Je ki, mu biyu Gaspare Trovato muna nan."

Ranar kasuwa ce kuma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na fara da bangon coci. Ni da baƙaƙen kaya, da gwangwani. A ƙarƙashin sunan na rubuta RABIN KWABO, manya-manya yadda ya ce. Fentin ya zubo, haruffan suka karkace. Da yana gani da ya ƙwace buroshin. Ban gama harafin ƙarshe ba na ji wata a bayana ta ce, "Wayyo Allah, Rabin Kwabo ne ya rasu? Ashe yana raye!" Wata ta ce, "Wannan ai 'yarsa ce, Liboria, wadda ba ta yi aure ba." Na ji. Na wuce.

Bangon gidan waya. Bakin kasuwa, kusa da mai kifi, shi kuwa ya ajiye wuƙa ya yi ta kiran matarsa. Kusurwar tsohuwar unguwarmu. Allon da ke dandali, a gaban shagon kofi, mazan nan na zaune suna kallona ina rubuta zagin da na gudu tun ina yarinya, da hannuna. Wani tsoho ya miƙe ya ce, "Yaushe ne?" Na ce yau da yamma. Ya juya ya ce wa na ciki, "Ku tashi, Rabin Kwabo ya tafi."

Ta ƙarshe tana jikin shagon magani. Ignazio ya fito ƙofa. Na ce a raina in ya yi magana zan shafa masa buroshin a farar rigarsa. Takardar ta ɗan ɓalle a gefe, iska na kaɗa ta, ya sa hannu ya danne mini har na gama.

Kafin in koma gida an riga ni. Bene ya cika tun daga ƙasa, sai ba ni hanya ake ana kama hannuna, fenti na shafar mutane ba su damu ba. Kujerun ba su isa ba. Mai Alfadari ya hakimce a kusa da kan Baba kamar shi ne mai makokin, yana harar duk wanda ya taɓa kai shi kotu. Nunzio ya iso da jakarsa ya tsaya baki buɗe, wai ashe Baba na da mutane haka.

Da yamma muka ratsa dandali. Shaguna sun sauke ƙofofinsu rabi. Ban waiga ba, ba a waigawa, amma ina jin takun ƙafafu a bayana, da yawa, kamar ruwan sama a kan kwano. A ƙofar shagon kofi ba kowa a zaune. Duk suna baya.

A nan kukan ya zo. Na yi shi har da majina, a tsakiyar gari.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Abinci har ba wurin ajiyewa. Romon kaza, taliya da aka gasa, kifi, kofi da sukari kamar za mu buɗe shago. Kowa ya zo da labarinsa: dutsen uwata, dutsen mijina, dutsen jaririnmu. Kowa kuma "Rabin Kwabo" yake cewa, ba wanda ya yi dariya ko ya rage murya. Na yi ta sauraro ko zan ji zagin a ciki. Wataƙila kunnena ne ya gaji.

Da Mai Alfadari bai hawo benen nan ba fa? Ba na son tunanin.

Nunzio ya koma yau. Masu shirya gawa sun cire abin wuyan Baba sun ba ni a 'yar takarda. Na miƙa wa Nunzio, tunda shi ne namiji, shi ke da 'ya'ya. Ya juya shi a tafin hannu ya ce yaransa ba su san labarin ba, zai ɓata a can. Ya bar shi a kan tebur.

Litinin, 30 ga Oktoba

Na sauka sayo burodi, ƙafata ta kai ni bangon coci da kanta. Na karanta duka. Wata Lo Curto ce ta rasu, zuriyar wani gajere ke nan. Na hawo har sama da labarin a bakina, na buɗe ƙofa.

An manna sababbi a kan ta Baba, amma fentin ya ɓullo ta ƙasa.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Ranar matattu. Gari duka na maƙabarta, furanni da kyandirori ko'ina, yara na yawo da kayan zaƙin da aka ce musu kakanninsu matattu ne suka kawo musu. Ƙafafuna sun kumbura, ban so zuwa ba, amma ina zan zauna?

Kabarin Baba siminti ne kawai tukuna. Yanzu inji ke yanka haruffa, mai injin ya same ni a wurin ya ce me za a rubuta. Na faɗa masa. Ya ce layi biyu ke nan. Na ce layi biyu, na ƙasan kada ya fi na saman ƙanƙanta.

Da zan fito na bi ta tsakanin kaburbura a hankali. Ko ba a faɗa mini ba ina gane hannun Baba, yadda yake ja wa harafi wutsiya. Ferraro, Calabrese, Vadalà, Pappalardo. Duk ya bi ta kansu.

Wajen famfo wata tsohuwa na ta fama da butar ban ruwa, na karɓa na cika mata. Ba ta gani sosai. Ta kama hannun rigata ta matso da fuska.

"Allah ya yi miki albarka. 'Yar wane gida ce?"

Na ce ta gidan Rabin Kwabo.

Bakina ne ya riga ni, ba wani abu ba. Ta ce, "Ai shi ya sa," ta tafi da butarta.

Zaren rabin kwabon ya tsufa, na canza masa sabo. Don kada ya ɓata ne kawai na rataya shi. Da sanyi a ƙirji da farko, amma yanzu ya ɗumama.